Babi na 7: Inda Direba Ya Tsaya

A hanyar Yamai zuwa Filinge direba ne ke yanke lokacin cin abinci, ciki sai dai ya bi. Tafiyar kilomita kusan 180 ce a kan hanyar da hukuma ta sa wa lamba 25, wadda ke fita daga Yamai ta arewa maso gabas, ta wuce Hamdallay da Baleyara, ta bi kwarin Dallol Boso har Bonkuku, ta shiga Filinge, daga can ta miƙe zuwa Tawa. In mota na da lafiya, wanda ya tashi da hantsi zai yi azahar a Filinge. Sai dai motar haya ba ta da alkawari. Ba ta tashi sai ta cika, in ta cika sai an ɗaure kaya, in an ɗaure kaya sai an nemo fasinjan da ya zagaya, ga kuma shingayen jandarmomi a gaba inda kowa zai fito da katinsa. Don haka waɗanda suka saba da hanyar ba sa shiga mota da ciki wayam, kuma in suka ga direba ya kashe inji ya nufi wata rumfa, ba sa tsayawa tambaya, bin sa suke yi.

A Yamai akwai gidajen abinci masu suna, da allo a ƙofa, da takardar jerin abinci da Faransanci, da yaro mai kawo maka faranti har gabanka. Da ka bar garin, irin waɗannan sai ɗaiɗai. Abin da ke gaba rumfa ce ta zana ko ta kwano, da benci biyu, da tukwane a jere kan murhu, da mace zaune a kujera 'yar tsugunno tana riƙe da babban cokali. Wurin ba shi da suna sai na mai shi, shi ma yawanci laƙabi ne: mai shinkafar bakin tasha, mai tuwon gindin gawo. Baƙo ba zai iya raba wadda ta iya da wadda ba ta iya ba da ido kawai. Direba ya sani, don kullum yana bisa hanya, kuma in abinci ya ɓata masa ciki yau, gobe ba shi ba wurin, shi da duk fasinjan da ke bayansa.

Abincin farko a tasha ake cin sa, wajen mai shayi, tun gari bai gama wayewa ba. Teburinsa iri ɗaya ne daga tashar Wadata ta Yamai har ƙarshen hanya: gwangwanayen madara an jera su hawa-hawa, kwalin Lipton, gwangwanin Nescafé, kwalbar mayonez, kiret ɗin ƙwai, da sandunan dogon burodin nan da Faransawa suka bar mana, an rufe su da zane saboda ƙura. A gefe babbar buta na kan gawayi, ruwanta ya sha citta da kanamfari. Ka zauna ka ce ƙwai biyu da rabin burodi. Zai fasa ƙwan a kofin roba, ya yanka albasa a tafin hannunsa, ya marmasa magi, ya kaɗa, ya juye a kasko. Kafin ya soyu ya riga ya tsaga burodin ta ciki ya shafe shi. Shayin kuwa ya ɗaga kofi sama ya tsiyaya a wani, ya mayar, ya sake, har ya yi kumfa ya huce daidai sha. In ba ka tare shi da wuri ba, sukarin da zai zuba maka ya ishi mutum uku.

Da yawan masu wannan sana'a a ci-rani suka koyo ta. Mutanen Kurfai, wato ƙasar Filinge, da na Zabarma sun daɗe suna gangarawa kudu da zarar an gama girbi, tun zamanin da Kumasi da Akra ke jan samari, har zuwa Abijan da Kwatano da Legas. A waɗancan biranen mai shayi da mai nama na bakin titi sau da yawa ɗan arewa ne. A Abijan ma akwai abincin talakawa da ake yi da garin rogo da soyayyen kifi, wanda 'yan Nijar suka yi suna da sayar da shi har ake kiran sa garba. Ba mamaki, ke nan, in mai soya maka ƙwai a bakin hanyar Filinge a gaɓar teku hannunsa ya faɗa.

Baleyara, kilomita kusan 100 daga Yamai, garin nama ce, musamman ranar Lahadi da kasuwarta ke ci. Shanu da raƙuma da tumaki da awaki ake korowa daga arewa, fatake su zo daga Yamai da Najeriya, garin ya cika ya batse. Inda dabba ta taru, mahauci ba ya nisa. Hayaƙin tukuba ne zai fara tarar ka tun mota ba ta tsaya ba. Mai nama kowa Alhaji ne a wurinsa. Zai yanko ƙaramar tsoka a bakin wuƙa, ya dangwala a yaji ya miƙo: "Ɗanɗana, Alhaji, na yau ne." In ka ɗanɗana, kunya ta riga ta kama ka. Sai ka nuna inda kake so, haƙarƙari ko hanta ko cinya, ka faɗi na nawa, ya daddatsa a kan katako, ya watsa albasa da yaji, ya naɗe a takardar buhun siminti. Mai wayo yakan ce a haɗa masa da ɗan kitse, don balangun da ba kitse tauna ce kawai. Naman ranar kasuwa daga hantsi zuwa la'asar ba shi da na biyu, saboda ana yanka ana saye. Na washegari kuwa sai ka duba da kyau; wanda ya kwana aka mayar da shi wuta yakan yi baƙi ya bushe a gefe, kuma komai yawan yajin da aka barbaɗa masa bai ɓoyuwa. Masu kilishi su ma suna zagaye motoci da tire a ka, kowannensu na rantsuwa nasa daga Madawa ya zo.

Bayan Baleyara hanya na ratsa ƙasar Tondikandiya, inda garin Fandu yake, mahaifar Janar Seyni Kunce wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987. Sunansa ya shigo maganar abinci ne ta wata ƙofa. Bayan farin 1984, da damina ta ƙi, gwamnatinsa ta matsa wa jama'a da kiran a yi noman rani duk inda ruwa ke kusa, a daina jiran gero shi kaɗai. Wurare kaɗan ne suka dace da wannan kira kamar Dallol Boso. Tsohon kogi ne da ya ƙafe tun dubban shekaru, ya taho daga Azawak ya gangara har Kwara, ya bar faffaɗan kwari mai rairayi da jajayen duwatsu a gefensa. Ruwan bai tafi duka ba, ƙasa ya shige. A wurare da yawa gaba kaɗan za ka haƙa ka tarar da shi.

A cikin wannan kwari Bonkuku take, cibiyar ƙasar Imanan. Sarautar ta Abzinawa ce, amma kasuwa ta kowa ce: Buzaye, Zabarmawa, Hausawa, Fulani. An san dankalin turawa a nan tun kafin farin, sai dai bayansa ne ya bunƙasa har ya zama sunan garin. Ka ce Bonkuku a kasuwar Yamai, dankali za a nuna maka. Ana dasa shi in sanyi ya shigo, wajen Nuwamba da Disamba, da irin da akasari daga Turai ake kawo shi kowace shekara. A da da guga ake ban ruwa, da ruwan ciki kuwa ake jan na rijiya, shi ya sa mai lambu ba ya wasa da fura. Yanzu ƙarar injin ban ruwa ce ke tashi daga lambu zuwa lambu. Daga Janairu zuwa Maris ake tona shi, buhuna su yi tsibi a bakin hanya, manyan motoci su kwashe zuwa Yamai. Soyayyen dankalin da ake kawo wa mutum da gasasshiyar kaza a babban gidan abinci na birni, in lokacin sanyi ne, da wuya in ba daga wannan kwari ko daga duwatsun Abzin ya fito ba. Matsalar manomi ita ce kowa tare yake tonawa, kuma zafin Afrilu ba ya barin dankali ya daɗe a ajiye. Dole a sayar, ko nawa ɗan kasuwa ya taya, ga bashin iri da taki na jira.

Wannan asarar ta manomi ita ce ribar matafiyi. Wanda ya sauka Bonkuku a kakar dankali zai ci shi yadda ba ya samu a wata tasha. Akwai mai soya shi a faffaɗan kasko a bakin hanya, yankan manya-manya, ba siraran nan na birni ba, ta tsame ta zuba maka a takarda da yaji. Akwai mai dafa shi cikin romon nama da tumatir da albasa har ya fara narkewa, ka ci da burodi. Ƙananan da 'yan kasuwa suka ƙi ɗauka, su ne ke ƙarewa a tukwanen nan, kuma a ganina sun fi manyan daɗi. Amma kada mai karatu ya ɗauka dankali ne abincin garin. Kaya ne na sayarwa, ana taɓa shi ne don yana kusa. Abin da ke riƙe rumfa shekara zagaye shi ne shinkafa da wake, da shinkafa da miya, da taliya, da dambu, da tuwo in dare ya yi.

Yadda ake saye a rumfa ba ya canzawa. Ba a tambayar kuɗin faranti, kai ne za ka faɗi ƙarfinka.

"Sannu da aiki, Hajiya."

"Yauwa, sannu da hanya. Me za a zuba?"

"Shinkafa da wake, na dala arba'in. A sa mai da yaji."

"Nama fa?"

"Yanka biyu."

Baƙon da ya zo daga Najeriya a nan yake ruɗewa, don lissafin da dala ake yin sa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Dala ashirin sefa 100, dala arba'in 200, jika ɗaya 1,000. Ita mai abinci ba ta auna komai da sikeli. Cokalinta ne ma'auni, kuma hannunta ya san bambancin na dala talatin da na arba'in ko da tana kallon wani wuri tana yi wa 'yarta faɗa. Ta zuba shinkafar, ta ɗebo man da aka soya albasa a ciki ta zagaya, ta barbaɗa yaji, ta tsamo nama daga wata tukunya daban, don nama kuɗinsa daban. In ka tsaya kana kallon farantin ba ka ɗauka ba, ta gane. Za ta ƙara rabin cokali ta ce, "To, ga gyara." Kafin ka zauna ta juya ga na bayanka da Zabarmanci, ta amsa wa wani Buzu gaisuwarsa da harshensa, ta dawo kan karen mota da Hausa: "Kai ɗan nan, kuɗin jiya fa?" Shi kuma ya ce, "Haba Inna, in mun juyo daga Filinge."

Wannan tsari ya fi takardar jerin abinci adalci ga talaka. Mai dala ashirin ba a kore shi, za a zuba masa daidai kuɗinsa, ya zauna a benci ɗaya da mai jika, ba wanda ya san na wani. Direba kaɗai ke da faranti na musamman. Nasa an san shi, an san yankan da yake so, kuma sau da yawa ba a karɓar kuɗinsa, ko a karɓi rabi. Fasinja kan yi gunaguni a kan haka, su ce an sayar da su. Gaskiya ne akwai ciniki a ciki. Amma cinikin yana da iyaka: direban da ya riƙa tsayar da mutane inda abinci ba shi da kyau, surutun cikin mota kaɗai ya ishe shi, kuma shi ma daga tukunyar yake ci.

A bencin akwai ladubba da ba a rubuta ba. Duk wanda ya sa hannu a faranti zai dubi na kusa da shi ya ce bismilla, na kusan ya ce alhamdu lillahi, ko na gode. Kowa ya san tayi ne na baki, amma wanda bai yi ba an lura da shi. In almajiri na tsaye da roba, ba a sudar faranti tas. Wani lokaci dattijo zai biya wa ɗalibin da ke gefensa ba tare da ya faɗa masa ba, sai yaron ya miƙa kuɗi a ce an biya.

Akwai kuma waɗanda ba sa zama a bencin sam. A tarbiyyar da aka yi wa iyayenmu, cin abinci a kasuwa ko a bakin hanya abin kunya ne ga mutum mai iyali. Na yara ne da gwauraye da marasa gata. Magidanci a gidansa yake ci, baƙo kuma a gidan mai masaukinsa, tunda an ce baƙonka annabinka. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro da guzuri suke tashi, in sun sauka a zango matan ƙauye su kawo musu fura da tuwo su saya, kuma wannan uzurin tafiya ne ya halatta shi. Uzurin ne har yau ke ba malami ko mai unguwa damar zama a rumfa, amma za ka gan shi ya zaɓi lungu, ya juya wa hanya baya. Mata matafiya kuwa akasarinsu ba sa sauka. Sukan aiki yaro ya karɓo, su ci a cikin mota mayafi ya sauko, ko su zagaya bayan rumfa inda ake wanke-wanke su zauna da mai abincin. Mace ce ke dafawa, mace ce ke sayarwa, amma bencin na maza ne, kuma ban ga alamar hakan na saurin canzawa a wannan hanya ba.

Ita mai rumfar, in ka bi labarinta, sau da yawa ita ke riƙe da gida: mijin ya tafi ci-rani, ko ya rasu, ko damina ba ta yi ba. Da asuba take hura wuta. Shinkafa da mai bashi take ɗauka wajen mai kanti, ta biya da yamma. Itace kuɗi, ruwa kuɗi, nama sai ta je wajen mahauci da kanta don kada a haɗa ta da ƙashi. Abin da ya rage bayan wannan shi ake zubawa a adashi. 'Ya'yanta mata su ne ma'aikata, su wanke kwanuka, su ɗauki tire su tari motoci, kuma nan ne abin ke da ciwo, don yarinyar da ke tallar ƙosai da ƙarfe tara na safe ba ta cikin aji. Wake na gida ne, Nijar na cikin ƙasashen da suka fi kowa noman sa a duniya. Shinkafar ce ke zuwa daga nesa, mafi yawanta daga Asiya, kuma kafin 2023 ta tashar jirgin ruwan Kwatano take shigowa. Da aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka ta ƙaƙaba takunkumi aka rufe iyakar Benin da ta Najeriya, kuɗin buhu ya tashi. Mai rumfa ba ta da allon da za ta goge ta rubuta sabon farashi. Cokalin ne ya ƙanƙance, waken ya yi yawa a cikin shinkafar, yankan nama ya sirance, masu ci kuma suka gane ba tare da an yi musu bayani ba.

Maganar tsabta ba a rufe ta. Abincin da aka ɗebo daga tukunya yana tururi ba kasafai yake cutarwa ba. Haɗarin na gefe: kwanon wanke hannu guda da mutum ashirin suka tsoma a ciki, moɗa guda a bakin randa, ruwan wanke faranti da tun safe ba a sauya ba, salak da aka ɗauraye da abin da ya samu, man suya da ya yi baƙi don juyi. Annobar amai da gudawa da ta ratsa jihohin Nijar a 2021 ta tuna wa mutane cewa ruwa ne babbar ƙofar cuta. Rumfar kirki ana gane ta da buta da sabulu a bakin shiga, yaro ya zuba maka ka wanke a ƙasa. Ruwan leda ya rage matsalar sha, ya kawo tasa, don duk inda mota ke tsayawa ledoji ne maƙale a ƙaya, awaki na ci. Ni dai a hanya nakan bar ɗanyen ganye sai na isa, in ban da kwaɗon zogale, wanda Zabarmawa ke kira kopto, tunda shi dafaffe ne, kuma wanda aka haɗa da ƙuli mai kyau da albasa da ɗan barkono ba a wuce shi.

Tun kafin shinkafa, tun kafin burodi, abincin matafiyi a wannan ƙasa fura ne, kuma har yau ita ce ta fi dacewa da zafin kwarin. Matan Fulani na zaune a inuwa da ƙorai rufe da faifai. Ka zaɓi curi biyu ko uku, ta dama da ludayi a cikin nono, ta tambaye ka ko a sa sukari. Mai son tsami ya ce a bar shi haka. Wanda ya sha ta da hantsi zai kai la'asar bai nemi komai ba, ba ta kuma saukar da nauyin da shinkafa da mai ke saukarwa. Da damina da kaka nono na da yawa da kauri. Da bazara, in shanu sun yi nisa neman ciyawa, wasu kan haɗa da madarar gari, mai harshe kuma yana ganewa tun kurɓar farko.

Daga Bonkuku zuwa Filinge Hausa ke ƙara rinjaye a kunne, don an shiga ƙasar Kurfayawa, garin gidan Mayaƙi da ya fitar da Ibrahim Hasan Mayaƙi, firaministan Nijar daga 1997 zuwa 2000. Filinge gari ne na ma'aikata da sojoji da 'yan makaranta, saboda haka ana samun ɗakunan cin abinci masu ƙofa da labule da teburi, inda za a ba ka cokali ba sai ka roƙa ba. Abincin dai shi ne na rumfa, kujerar ce ta bambanta. Abin da ya cancanci nema a nan cuku ne. Arewa da garin kaɗan akwai Tukunus, gidan kiwon gwamnati da tun zamanin Faransawa ake renon shanun Azawak a cikinsa, irin da ya yi suna wajen nono a duk Sahel. Cuku fallen nono ne da aka daskarar aka shanya a kan tabarmar kara har ya bushe, shaidar karan na kwance a jikinsa. Sabo yana da taushi, tsoho sai an jiƙa ko a daka a cikin fura. Da shayin Buzaye ake cin sa, wanda ake dafawa a 'yar buta kan gawayi a sha zagaye uku a ƙananan kofuna. Wannan shayin ba na mai sauri ba ne. Fasinjan da ya karɓi kofin farko yana jin direba na danna oda, ya san zai bar biyu a baya, mai dafawar kuma ba zai ji daɗi ba.

Manyan motocin safa irin na Rimbo da ke bin hanyar Doso da Dogon Dutsi da Birnin Konni suna da tashoshinsu masu katanga, da wurin salla, da masu abinci a ciki, da mintocin da aka ƙayyade. Hanyar Filinge ba ta kai nan ba, kuma abin da ya fi damun ta yanzu wani ne. Tun 2017 sassan arewacin jihar Tilaberi ke cikin dokar ta-ɓaci saboda 'yan bindigar da ke kai hari daga wajen iyakar Mali, a farkon 2020 kuma aka hana zirga-zirgar babura a yankuna da dama na jihar. Wanda bai san ƙauye ba zai ɗauka wannan maganar tsaro ce kawai. Babur ne ke kawo nono daga ruga, shi ke kawo mai lambu kasuwa, masu kabu-kabu kuma su ne ke cika bencin mai shayi tsakanin mota da mota. Tafiyar dare ta ragu ƙwarai, direbobi na son su isa da rana tsaka, tsayawar da a da ake yi a natse har a yi salla a sha shayi ta koma ta a zuba a leda a ci a mota. Mai tuwon dare da mai shayin da ke kaiwa sha biyu da fitila su ne suka fi jin jiki. Wasu ƙauyukan arewa sun watse, mutanensu sun gangaro garuruwan bakin hanya, sai masu sayarwa suka ƙaru alhali masu saye sun ragu.

Mai rumfa a da ranar mako kawai take dubawa ta san tiya nawa za ta dafa: ranar kasuwa kaza, sauran ranaku kaza, kakar dankali a ninka saboda 'yan dako da direbobin manyan motoci. Yanzu sai ta haɗa da waya. Tun da asuba za ta kira direban da ta saba da shi a tashar Yamai, ta ji mota nawa ke lodi, ta kira wani a Filinge ta ji ko hanyar Abala, can arewa, lafiya, sannan ta auna shinkafa. In labari bai yi daɗi ba ta rage tiya biyu, ta ce wa mahauci yau rabin na jiya zai ba ta. In ta rage kuma motoci suka zo, wanda ya sauko daga ta ƙarshe sai ya haƙura da ƙanzo da romo, ko ya tsallaka wajen mai ƙosai.